Kawuna da Manhajar da ta Ƙi Masu Lalle

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu, wan Innata, ya rasu a asibiti a Funtuwa da hantsin wata Laraba. Aka kawo shi gida Faskari, aka yi masa sutura bayan azahar.

Kafin la'asar tsakar gidan ta cika da mata. Wasu daga Ƙanƙara, wasu daga Daudawa, 'yan Sabuwa kuma suka zo a mota ɗaya suna ta duban rana, don ba mai son yamma ta same shi a wannan hanyar. Kowace ta shigo sai ta durƙusa gaban matar Kawu ta ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah shi jiƙan Malam." Sannan ta ɗago kai tana 'yan waige-waige. Da farko na ɗauka ɗakin da ya fara jinya suke son gani. Ashe soket suke nema. Duk unguwar gidan Kawu ne kaɗai ke da wutar sola da ba ta ɗaukewa, kuma kowa ya sani. Kafin a jima teburin da yake aiki a kai, wanda ko mu 'ya'yan gida ba ma taɓawa sai mun wanke hannu, ya cika da wayoyi da cajoji. Wata ma har ta ɗora kwanon fura a kan akwatin kayan aikinsa.

Gwaggo ta Mabai ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Bawan Allah mai sanyin hali. Ba a taɓa jin kanshi da kowa ba."

Na dube ta. Ita wannan Gwaggon sun daɗe ba sa magana da shi, tun ranar da ya ce mata a gaban mutane maganin da take sayar wa masu ciwon suga garin kuka ne da kanwa. Ta gama kukanta, ta matsa kusa da matar Kawu ta rage murya, amma ba yadda ba zan ji ba: "Batiran nan fa, halan yaran za su iya da su? Kar a bar su su lalace."

Ta tagar zaure kuma muryar manajan ofishinmu ke shigowa, yana yi wa maza jawabi a kan Kawu. "Mu muka san darajar Injiniya. Da ƙafata na taka na roƙo shi ya zo ya duba mana na'ura." Na fita na tsaya kusa da randa har ya yi shiru.

Innata ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tun da aka kawo shi tana zaune a lungu da carbi. Da wayar wata ta hau waƙa daga kan teburin, sai ta miƙe a hankali, ta shiga ɗakin batira, ta kashe wutar gaba ɗaya, ta dawo ta zauna. Ba a daɗe ba rabin masu ta'aziyyar suka tuna sun bar tukunya a kan wuta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ana ƙera wani tsoho mai laushi, mai yawan murmushi, ana liƙa masa sunan Kawu. Ni ban san wannan tsohon ba. Wanda na sani nake son a tuna.

Ni da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda ake bajewa a tabarma ranar kasuwa, bangonsu da hoton budurwa ta tallabe haɓa. A cikinsu namijin kirki dogo ne, fari, sajensa a kwance, idan zai shigo ɗaki ƙamshinsa ke riga shi. Kawu gajere ne, baƙi, mai sanƙo, ƙafar tabaransa ɗaya a ɗaure da zare. Ƙamshin da na san shi da shi na dalma ne idan ta narke. Ya yi aikin kwamfuta a wata ma'aikata a Kaduna tun lokacin da, in ji shi, kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya sa sola, ya shuka zogale, ya duƙufa ƙyamar duk abin da aka yi shi rabi da rabi.

Tsaki shi ne rabin maganarsa. Akwai gajere, na wanda ya bar ƙofa a buɗe. Akwai dogo mai jan wutsiya, irin wanda ya yi wa kafintan da ya kawo masa kujera ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Ranar a ka ya ɗora wa mutumin ita, ya raka shi har bakin titi yana faɗa. Duk Juma'a gidanmu yake cin tuwo, kuma duk Juma'a sai ya ce wa Inna gishiri ya yi yawa, ita kuma ta ce ai ba a ɗaure shi ba, ya tafi inda ake yin daidai. Sai ya suɗe kwanon. Mafi munin tsakinsa kuwa ya ajiye shi ne don masu cewa na'ura ta lalace haka kawai, ko aljanu sun shige ta. "Abu bai lalacewa haka nan," yakan ce. "Wani ya ce mai shi lalace. Nemo wanda ya ce."

Littattafaina ya tsane su tsana mai tsanani. Ya taɓa buɗe ɗaya, ya karanta shafi guda a tsaye, ya ce, "Yarinya ta suma don an kalle ta? A kai ta asibiti, jininta ya yi ƙasa." Amma duk ranar da ya je Funtuwa sayen kayan wuta sai ya dawo da sabo guda a leda. Da yatsa biyu yake riƙo shi, kamar ya ɗauko mataccen ɓera, ya miƙo mini yana kallon gefe. "Ungo ƙazantarki, uwar mafarki." Bai taɓa kawo wanda na riga na karanta ba. Har yau ban san yadda yake ganewa ba.

Bayan na gama difloma na samu aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a nan Faskari. Aikina rajista. Manomi ya zauna, in rubuta sunansa da ƙauyensa da girman gonarsa a kwamfuta, ya dangwala babban yatsa a kan wata 'yar na'ura mai jan haske, in kira na gaba. Idan mutanen ƙauye ɗaya suka ƙare sai in danna ajiya, sunayensu duka su shiga a lokaci guda. Wanda sunansa ya shiga shi ke samun taki da iri idan damina ta matso. Wanda bai shiga ba, babu.

Sai manhajar rajistar ta fara ɓacewa. Ina cikin aiki, mutum na zaune gabana, sai in ga allon ya koma hoton koriyar ciyawar nan da yake kai kafin a buɗe komai. Ba ƙara, ba rubutun kuskure. Duk waɗanda na shigar tun ajiyar baya sun tafi, da yawansu kuma sun riga sun hau mota sun kama hanyar gida. Wata rana ta yi, wata rana ta ƙi yi. Satin da ya biyo bayan ƙaramar Sallah kuwa kamar ana korar ta.

Ranar rabon taki wani dattijo daga Sabuwa ya tsaya a bakin ofis, an duba ba sunansa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Ɗiyar nan ta rubuta ni. Na biyo hanyar da kowa ya san halinta, na zo na dangwala, ta ce man an gama. Ɗiyata, mi na yi maki?" Daga ranar magana ta zaga gari cewa ina cire sunayen mutane ina sa na dangina.

Manaja ya kira kamfanin da ya sayar musu da manhajar. Da aka ce injiniya zai zo daga birni har kwalliya na yi. Kuma ya zo kamar yadda ake rubutawa a littafi: dogo, farar shadda, agogo, ƙamshi. Na riga na shirya yadda zai ɗago ido ya ce, "Ba laifinki ba ne." Ya zauna a kujerata, ya dangwala yatsansa mai laushi kamar na jariri, ya shiga. Ya sake, ya shiga. Ya buɗe wani wuri ya duba, sannan ya ce wa manaja, ba tare da ya kalli inda nake ba, "Ranka ya daɗe, da faɗuwa take yi da ta bar rahoto. Wannan fita ce lafiya lau. Rufe ta ake yi." Idonsa ya sauka kan littafin da ke leƙowa daga jakata, ya yi ɗan murmushi. Tun daga ranar idan na ji warin wannan turaren a jikin kowa sai na kawar da kai.

Manaja ya ce in zauna gida sai kwamiti ya zauna a kaina.

Wajen Kawu na nufa. Na zube gabansa ina kuka irin wanda na karanta, mai shessheƙa da dafe ƙirji. Yana gyaran wata fitila, bai ɗago ba.

"In kin gama wasan kwaikwayon ki gaya man. Kin taɓa danna wurin rufewa?"

"Wallahi Kawu..."

"Ban ce ki rantse ba. E ko a'a."

"A'a."

"Mi kike yi daidai lokacin da take ɓacewa?"

"Ba komi. Jira nike mutum shi gama dangwale."

Ya ajiye fitilar. "Kullum?"

Na yi tunani. "Ban lura ba."

Ya ja tsaki mai wutsiya. "Da saurayi ne ya ɓace da kin lura har da kalar hularshi."

Washegari ya sa babbar riga ya tafi ofis. Manajan nan da ke cewa da ƙafarsa ya taka, a bakin ƙofa ya tare shi. Ya ce kamfani ya hana kowa taɓa na'urar, kuma ba a kawo dangi cikin aikin ofis. Suka yi ta sa-in-sa har masu shayi suka taso kallo. Kawu ya gaya masa maganganun da ba zan sa a rubutun ta'aziyya ba.

Abin da ya yi bayan nan ban taɓa zaton zai iya ba. Shugaban ƙungiyar abokinsa ne tun firamare, amma sun ɓata shekaru da dama a kan iyakar gona, ko a masallaci ba sa tsayawa kusa da juna. Kawu, wanda ban taɓa jin ya ce wa mutum don Allah ba, ya je ƙofar gidan mutumin, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa. Matar Kawu ta ce da ya dawo bai ci abinci ba, wanka ya shiga. Amma ya dawo da izini: a bar shi ya zauna a ofis ya duba.

Lokacin an buɗe rajistar noman rani. Kawu ya ce manaja da kansa zai zauna a kujerar rajista, ni kuma in tsaya can jikin bango, hannuwana a baya, inda kowa zai gan ni. Ya buɗe wata baƙar taga a allon, ya yi rubutu da bai kai shafin littafi ba.

Manaja ya ce, "Injiniya, in ka ɓata manhajar kamfani..."

"Ban taɓa ta ba. Ba ni da mabuɗin cikinta, ban kau buƙata." Ya juyo wajena, don ni yake son in ji. "Ke uwar mafarki, buɗe kunnenki. Manhaja ba ita ke yin komi da kanta ba. Akwai laburare, rumbu ne na ƙananan ayyuka da manhajoji da yawa ke tarayya a kanshi, kowace ta kira aikin da take so da sunanshi. Ko fita za ta yi, sai an kira wani ɗan aiki a can, sunanshi egzit, shi ke naɗe tabarma shi rufe. Tau na rubuta nawa egzit ɗin, suna ɗaya sak, na ce ma kwamfuta ta riƙa loda nawa kafin kowane laburare. Duk wanda ya kira sunan, nawa ke fara amsawa."

"Sai shi hana ta fita?" na tambaya.

"Sai shi tambaya. Kamar ki zaunar da mutum a zaure. Wanda ya zo rufe gida, shi ce mai wa ya aiko ka, shi kuma wa ya aiko shi, har a kai kan na farko. Shi rubuta a allo, sannan shi miƙa shi ga egzit na gaskiya, a fita kamar kullum. In hannu ne ya danna rufewa, za mu gani. In ba hannu ba ne, za mu gani."

Aka fara. Hantsi ya dubi ludayi, manhaja lafiya lau. Manaja yana buga suna da yatsa ɗaya yana kallona ta gefen ido. Har na fara tunanin ko dai ni ce, ko hannuna na yin abin da ban sani ba.

Gab da azahar wata tsohuwa daga Daudawa ta zauna. Gonar marayun ɗanta ta zo yi wa rajista. Ta dubi Kawu sama da ƙasa ta ce, "Wannan mai gilashin fa? Shi ma takin yake jira, ko gadin ɗiyar aka ba shi?"

"Dangwala, Hajiya," in ji Kawu.

Ta dangwala. Jan hasken ya ƙyafta. Manaja ya ce ta sake, ta sake. A na uku allon ya koma ciyawa.

Hannun manaja na sama, bai taɓa komai ba, kuma duk ɗakin sun gani. A baƙar tagar sunaye suka jeru, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kawu ya gyara tabarau ya bi su da yatsa daga ƙasa zuwa sama. Babu sunan wurin rufewa a cikinsu. Kiran daga laburaren 'yar na'urar dangwale ya fito.

"Hajiya, mu ga hannunki."

Ta buɗe. Tafin da yatsun sun yi baƙi ƙirin da lalle, irin na zunguru da ake kwana da shi, an kuma maimaita.

"Bikin jikata aka yi," ta ce. "Ko shi ma sai an yi mai rajista?"

Kawu ya leƙa waje ya kira wani tsoho daga layi, wanda fartanya ta cinye zanen yatsunsa suka zama sumul kamar bayan ƙwarya. Aka sake buɗe manhaja. Ya dangwala, ya sake, ya sake, ta ɓace, sunayen nan dai suka jeru.

Ban taɓa ganin ƙyama a fuskar mutum irin ta ranar ba. Kawu ya yamutsa fuska kamar an buɗe masa masai. "Wani ƙato ya zauna cikin sanyin ofis ya rubuta laburare, ya ce in yatsa ya ƙi karantuwa a kashe komi. Bai iya dawowa shi ce ma manhaja ban gane ba, ki san yadda za ki yi. A'a, rufe gidan mutane zai yi, shi da aka aika ɗauko abu ɗaya. Bai taɓa ganin hannun da ya riƙe fartanya ba, bai taɓa kallon hannun mace da Sallah ba. Ƙazamin aiki."

Na jira manaja ya juyo ya ce mini wani abu. Ya sosa ƙeya ya ce, "Tau ai da sauƙi. A hana mata lalle in za su zo."

Tsohuwar ta ce, "Ka fara da matarka, ɗan nan, mu gani."

"Ko kuma," in ji manaja, "tunda mutuminka na zaure, shi toshe ƙofar. Kar ta sake fita ko an kira."

"Ba ni yi."

"Mi zai hana?"

"Wanda ya kira egzit ya riga ya saki komi, bai shirya ma dawowa ba. In na tura shi ciki da ƙarfi, manhajar za ta ci gaba a rikice. Gobe ka ga yatsan Hajiya a kan sunan wani, kuma ba ka sani sai ranar rabo."

Sai ya sake dabarar, a wani wurin. Ya nemo aikin da ke karɓar hoton yatsa a laburaren na'urar, ya rubuta nasa mai suna ɗaya ya sa a gaba. Nasa ke fara duba hoton. Idan zanen ya fito, ya miƙa wa na kamfani. Idan bai fito ba, ya mayar wa manhaja da amsa cewa a gwada wani yatsa, hoton bai ko kai inda ake kashe komai ba. Tsohuwar da ƙaramin yatsanta na hagu ta shiga, inda lallen bai kama sosai ba. Wanda duk yatsunsa suka ƙi kuwa, manhajar na nan a buɗe, sunayen sauran mutane na nan, shi kuma a shigar da shi da shaidar mai unguwarsu.

Aka mayar da ni aiki. Ba wanda ya ba ni haƙuri. A gaban kwamiti manaja cewa ya yi an gano 'yar matsala, an kuma ja wa yarinyar kunne. Kawu ya buga wa kamfanin waya ya yi musu bayani dalla-dalla, suka ce sun gode Baba, za su duba. Dattijon Sabuwa ya yi nomansa ba taki a wannan shekarar, kuma ban san ko wani ya taɓa gaya masa ba ni na cire shi ba.

Daga nan Kawu ya hana ni sakat. Kullum bayan la'asar sai na zo barandarsa, in wanke hannu, in rubuta ɗan mai tambayar nan da hannuna, ya goge, in sake. Wata rana ina bin jerin sunayen na ce, "Kawu, ai wannan ma labari ne. Wannan ta kira wancan, wancan ya kira wata, ta ƙarshen ta yanke alaƙa ba ko sallama." Ya dube ni ta saman tabarau. "Allah shi shirye ki," ya ce. "Amma haka ne. Ci gaba."

Bana, ana shirin rajistar damina, ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi Funtuwa. A satin kamfani ya aiko mai ƙamshin nan da sabuwar manhaja. Ya share kwamfutar tas, ya zuba tasu, ya dangwala yatsansa ya shiga, ya tafi. Aikin Kawu ya bi shara. Sabuwar ta fi tsohuwar kyau, da launuka da komai, kuma a kan mace ta farko mai lalle ta ɓace.

Wannan karon manaja ya san dalili. Sai ya sa aka ajiye baho a bakin ofis, da garin sabulu, da ruwan wanke farin kaya mai warin nan, da dutsen goge kaushi. Matan aure, da tsofaffi sa'o'in Innata, a durƙushe a bakin titi suna dirzar yatsu har fata na saɓulewa, ruwan ya yi jaja-jaja, 'yan acaba na kallo suna dariya. Masu yatsun fartanya kuwa ba abin da za su dirza. Manaja ya ce mini, "Ki riƙa duba hannu kafin ki bari a dangwala. In ta sake rufewa a hannunki, wannan karon ba kwamiti, tafiya ce."

Na hau motar Funtuwa. A hanya na shirya irin maganar da ake yi a gefen gadon majinyaci a littafi, wadda zai dube ni ido cike da hawaye ya ce ni ce 'yar da yake alfahari da ita. Na same shi ya rame, tabarau ya yi masa yawa. Na ba shi labari. Da na zo kan bahon ya rufe ido, ya yi yunƙurin tsaki, iska kawai ta fito.

"Tsohon fayil ɗin na nan a kwamfutarka, Kawu. In kwafa in sa?"

"Kar ki soma. Sabon laburare ne, sun iya canza ma aikin suna. Ki sa naki da tsohon suna, shi zauna shina jiran kiran da ba mai yi. Fara daga farko. Sa mai tambaya, ki ga wa ke kira."

"In na ɓata fa?"

"Ki gyara."

"Kawu, ni tsoro nike ji."

"Ni ma," ya ce. "Tashi ki tafi, kar yamma ta yi maki."

Na je wajen shugaban ƙungiya, ya ce izinin da ya ba abokinsa bai janye ba. Ranar Juma'a na sa matar Yayana ta yi mini ƙunshi, ja mai duhu, har ƙarshen yatsu, don ina buƙatar hannun da na'urar za ta ƙi. Ranar Asabar na shiga ofis ba kowa. Na sa mai tambaya, na dangwala har ta ɓace, sunaye suka jeru. Kawu ya yi gaskiya. Sun canza wa aikin suna, halin kuwa na nan yadda yake. Na rubuta nawa da sabon sunan. Na farko ya ƙi loduwa. Na biyu ya lodu amma ba ya amsa komai. Na ɓata, na gyara, na ɓata, na gyara, har aka kira la'asar.

Ranar Litinin layi ya miƙe, bahon na nan a bakin ƙofa. Manaja ya ga hannuwana ya ce, "Har da ke da ke aiki a nan?" Na buɗe manhaja a gabansa, matan na leƙe ta taga, na dangwala babban yatsana. Na sake, na sake, na ƙara sakewa. Allon bai motsa ba. Rubutu kawai ya fito a ƙasa, a gwada wani yatsa. Na tashi na fita, na ɗauki bahon na juye shi a kwata, na kife shi, na ce wa matan su shigo da hannuwansu yadda suke. Manaja ya shige ofishinsa ya ja ƙofa. Bai sake maganar tafiya ba, kuma har yau ni ce a kujerar.

Talata na koma asibiti. Muryarsa ta ƙara yin ƙasa, sai na sunkuya nake jin sa. Na gaya masa komai, har da bahon.

"Masu fartanyar fa?"

"Sun shiga, Kawu. Har 'yan Sabuwa."

"Tau."

Ya kamo hannuna ya kawo kusa da tabarau, ya juya tafin, ya juya bayan.

"Wa ya yi maki wannan ƙunshin?"

"Matar Yaya."

"Layin ya karkace. Nan, da nan." Ya ja tsaki, wannan karon ya fito, ɗan gajere. Amma bai saki hannun ba har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.

Yanzu lallen tafin ya goge. Saura na farce, kullum yana ƙara matsawa can baki, ni kuma na kasa ɗaukar reza.

Allah Ka yafe wa Kawu zafin bakinsa, Ka karɓi aikin hannunsa, Ka yalwata masa makwanci Ka haskaka shi. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.